Duniya a Ka, Jariri a Kafaɗa, Wasa Ƙarfe Uku

A ƙarshen littafin Ursula K. Le Guin mai suna The Left Hand of Darkness, wanda ya fito a 1969, akwai 'yan shafuka da babu labari a cikinsu. Kalanda ce. Duniyar da labarin ya faru a cikinta ana kiranta Gethen, ƙasa ce ta ƙanƙara da matsanancin sanyi, kuma marubuciyar ta zauna ta yanka mata wata 14 a shekara, kowane wata kwana 26, kowace rana da sunanta. Shekarar da ake ciki kuwa kullum ita ce Shekara ta Ɗaya. Da sabuwa ta kama, sai lambar shekarun baya da na gaba su gusa gaba ɗaya. A cikin labarin akwai mutum biyu da suka yi kusan kwana tamanin suna jan kayansu a kan ƙanƙara, kuma mai karatu yana iya bin lissafin guzurinsu yana raguwa. Matar da ta riƙe wannan duka a kanta, ba tare da wata ya hau kan wata ba, tana da 'ya'ya uku a lokacin. An haife su a 1957 da 1959 da 1964, wato autan bai isa shiga makaranta ba sa'ad da take ƙoƙarin tsallakar da mutanenta daga kan ƙanƙarar.

Wanda ke rubuta labarin da ya faru a Kano ko Damagaram ya huta da wannan wahala. Mai karatu ya san yadda hunturu yake, ya san tsawon yini, ya san abin da ake ci da safe. Marubucin ƙagaggen labarin kimiyya shi ba a kawo masa komai a gama. Shi zai yanke nauyin mutum a duniyar da ya ƙirƙira, da tsawon tafiyar saƙo daga tauraro zuwa tauraro, da abin da injin da ya ƙaga zai iya da wanda ba zai iya ba. Kuma da ya yanke, ya ɗaure kansa. Idan ya ce a shafi na 30 jirgi yana buƙatar shekara goma sha bakwai kafin ya isa, to a shafi na 200 ba shi da damar aiko da taimako cikin mako guda, domin masu karanta irin waɗannan littattafai mutane ne masu biro a hannu, ba sa yafiya. Mu ma ba baƙi ba ne ga fannin. A wannan shekara ta 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawon sararin samaniya.

Gwanintar da nake son yabawa ita ce ta mutumin da ke riƙe irin wannan duniya a raye alhali ana katse shi sau ashirin a rana. Gwaninta ce ta daban da iya tsara jimla ko zurfin tunani, kuma ba kasafai ake ba da lambar yabo a kanta ba, sai dai littattafan da ta haifar su karɓa.

A fara da lissafin jariri. Sabuwar haihuwa tana neman nono kusan duk bayan awa biyu zuwa uku, sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Jariri yana barci da yawa, awa 14 zuwa 17, amma a gutsure-gutsure, kuma ba ya sanarwa kafin ya farka. A ƙasar Hausa mai jego, musamman ta haihuwar fari, takan tafi gida wanka ko a turo mata tsohuwa har a yi arba'in, bayan nan ma ga ƙanne ga maƙwabta masu karɓar goyo. A Amurka da Ingila, inda yawancin marubutan da zan ambata suka yi aikinsu, mutum biyu ne a gidan, wani lokaci ma ɗaya. Shi ya sa a 1938 wani mai nazarin adabi Bature, Cyril Connolly, da ya tashi jera abubuwan da ke kashe baiwar marubuci a littafinsa Enemies of Promise, ya sa keken tura jariri a cikin manyan maƙiya. Maganar ta bi duniya, kuma matasa da yawa sun ɗauke ta a matsayin hukunci: ko littafi ko iyali.

Le Guin ta ƙaryata shi da aiki. Tsakanin 1966 da 1974, yaran suna ƙanana, ta fitar da littattafan da har yau su ne ginshiƙin sunanta, ciki har da A Wizard of Earthsea a 1968 da The Dispossessed a 1974. Biyu daga cikinsu sun ci manyan kyaututtukan fannin, Hugo da Nebula, a tare. Yadda ta yi ba asiri ba ne. Da yaran suna hannu, da dare take rubutu bayan sun kwanta. Da suka soma zuwa makaranta sai ta koma lokacin da ba sa gida. Mijinta Charles, malamin tarihi a jami'a a birnin Portland, ya ɗauki kasonsa na gida. Ta sha bayyana lissafin gidan nasu a fili: cikakkun ayyuka uku ne, koyarwarsa da rubutunta da renon yara, su biyu suka raba.

Amma samun awa biyu da dare bai isa ya bayyana abin ba. Mutane da yawa suna samun awa biyu su ɓatar da ita wajen tuna inda suka tsaya. Sirrin farko shi ne yawancin rubutun ba a kan tebur ake yinsa ba. Hannu yana wanke kwalbar madara, ƙafa tana jijjiga gado, kai kuwa yana can yana warware yadda za a fitar da fursuna daga sansanin da ke tsakiyar dusar ƙanƙara. Aikin reno yana cin jiki da haƙuri, amma sau da yawa yana barin wani lungu na ƙwaƙwalwa a buɗe, kuma gwani ya koyi ajiye tambaya guda a wannan lungu tun da safe. Tambaya guda, ba babin duka ba. Me wannan mutum yake tsoro da bai faɗa ba? Ta wace ƙofa za su shiga? Kafin dare amsar ta nuna, zaman da za a yi na kwafe abin da aka riga aka gama ne.

Na biyu shi ne sanin inda ake tsayawa. Ernest Hemingway, wanda ba marubucin wannan fanni ba ne, shi ya shahara da shawarar cewa mutum ya ajiye alƙalami alhali ya san abin da zai biyo baya. Ga mai jariri wannan ya wuce shawara, tilas ne, domin ba shi ke zaɓar lokacin tashi ba. Abin da ke hannunsa shi ne daƙiƙa goma tsakanin kukan farko da na biyu, kuma a cikinsu gwani yakan rubuta kalma huɗu ko biyar na abin da ke tafe kafin ya miƙe. Kamar mai girki ce da ke rufe garwashi da toka idan za ta kwanta: da asuba hurawa kawai za ta yi, ba sai ta je neman wuta maƙwabta ba.

Sai kuma fitar da duniyar daga kai zuwa takarda tun kafin labari ya yi nisa. Le Guin ta ce kafin ta rubuta Earthsea taswira ta fara zanawa, tsibirai birjik, ta raɗa musu suna.  Ƙwaƙwalwar da ba ta sami barci ba ba abar dogara ba ce wajen riƙe lambobi, kuma marubucin da ya san haka ba ya gardama da ita: yana da littafin ajiya na sunaye, nisan wurare, shekarun mutane, dokokin injuna. A nan ne ake raba aiki gida biyu. Akwai aikin da ke buƙatar kai a sake, kamar ƙirƙirar sabon fage ko muryar sabon mutum. Akwai wanda gajiyayye ma zai iya, kamar gyaran rubutu, duba lissafi, amsa wasiƙar mai wallafa. Wanda ya kwana jijjiga yaro mai fitar haƙori, ya tashi ya ce sai ya rubuta babi mafi wuya, zai ƙare da takaici da shafi mara amfani. Gwani yana duba yadda ya wayi gari kafin ya zaɓi abin da zai taɓa.

Lissafin kalmomi kuma yana kwantar da hankali fiye da yadda ake zato. Littafi madaidaici a wannan fanni yakan kai kalma 90,000. Mai rubuta 500 a rana, wato kusan shafi biyu, zai kai ƙarshen zubin farko a kwana 180. Kafin yaron ya fara rarrafe sosai ke nan. Fannin ma yana da kirki ga mai ƙarancin lokaci, domin yana girmama gajeren aiki. Kyautar Hugo tana da rukuni na labarin da bai kai kalma 7,500 ba, da na tsakanin nan da 17,500, da na 17,500 zuwa 40,000, kafin a zo ga cikakken littafi. Mutum yana iya yin suna da aikin da ya gama cikin wata biyu na dare-dare.

Labarin J. G. Ballard ya fi kowanne nauyi. An haife shi a Shanghai a 1930, ya yi ƙuruciyarsa ta ƙarshe a sansanin da sojojin Japan suka tsare Turawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya riga ya yi suna da The Drowned World na 1962, inda zafi ya narkar da ƙanƙarar duniya, birnin Landan ya nutse ya zama tafki mai ƙadangaru. A 1964 suna hutu a Sifaniya, ciwon huhu ya kama matarsa, ta rasu cikin 'yan kwanaki. Ya tuƙo mota ya dawo Ingila da yara uku, babban bai kai shekara goma ba. A Ingilar wancan zamani ba a saba ganin namiji yana renon yara shi kaɗai ba. Shi ya yi. Ya zauna a ƙaramin gidansa na Shepperton, a gefen Landan, gidan da ya shiga a 1960 bai bar shi ba sai dab da rasuwarsa a 2009. Shi ke dafa abinci, shi ke kai su makaranta, shi ke ɗauko su, kuma tsakanin kaiwa da ɗaukowa yake rubutu da hannu, yana neman kalma kusan dubu a rana.

Abin mamaki shi ne irin littattafan da suka fito daga wannan gida mai takalman yara a warwatse. The Atrocity Exhibition a 1970, Crash a 1973, High-Rise a 1975: ayyuka ne masu tayar da hankali a kan yadda mota da talabijin da dogayen benaye ke sauya tunanin ɗan Adam. Na farkon an gina shi da gajerun sakin layi, kowanne da kansa, kowanne yana iya tsayawa shi kaɗai, kuma a ganina da wuya a raba wannan siffa da rayuwar mutumin da agogon makaranta ke yanka masa rana. Ban ce komai nasa abin koyi ba ne. Shi da bakinsa ya faɗa cewa a shekarun farko bayan rasuwar yakan fara shan giya da ya dawo daga kai yara, kuma sai a hankali ya riƙa tura lokacin gaba. Amma da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa a 2008, sunan da ya ba littafin, Miracles of Life, 'ya'yansa yake nufi, kuma a ciki ya juya maganar Connolly kanta: a wurinsa keken jaririn mataimaki ne.

To ina ƙwallo ta shigo? Ta shigo da farko a matsayin ɓarauniya, kuma gara a faɗi gaskiya. Gasar Firimiya ta Ingila ƙungiya 20 ce, kowace tana buga wasa 38 daga Agusta zuwa Mayu. Wasa minti 90 ne, da hutun rabin lokaci na minti 15, da ƙarin da alƙali zai yi, a ce awa biyu. Awa 76 ke nan a kaka guda, ban da kofuna, ban da wasannin Turai, ban da gardamar bayan wasa wadda ta fi wasan tsawo. Ga mai rubuta kalma 500 a awa, wannan kalma 38,000 ce, kusan rabin littafi. Mutumin da ke ƙorafin jariri ya hana shi aiki, sannan ranar Asabar ƙarfe uku ya zauna gaban talabijin, dole matarsa ta yi masa wani kallo, kuma tana da gaskiya.

Duk da haka waɗanda suka iya ba sa barin ta, kuma ina ganin sun san abin da suke yi. Dalili na kusa shi ne wasa yana da lokaci tsayayye. A rayuwar da dare da rana suka cakuɗe, jadawalin gasa shi ne kusan abu guda da ke gaya wa mutum yau wace rana ce. Ana iya kallonsa da yaro kwance a ƙirji, a rage murya, a koyi murnar ci ba tare da motsa kafaɗa ba, wadda ita ma fasaha ce. Ga marubuci kuwa jadawalin yana zama wa'adi: a gama wannan fage kafin a take wasa. Wanda ke aiki a gida shi kaɗai, ba shugaba ba ƙararrawa, yana matuƙar buƙatar wani abu daga waje da ba ya jiran kowa.

Misali mafi cika na mutumin da ya haɗa ukun shi ne Stephen King, ko da yake ƙwallon da yake bi ba ta ƙafa ba ce, besbol ce ta Amurkawa. A farkon shekarun 1970 yana koyar da Turanci a wata sakandare a jihar Maine, shi da matarsa suna zaune a gidan tirela da yara biyu ƙanana, har wayar gidan sun cire saboda ba kuɗin biya. A ɗan lungun wanki ya ɗora keken rubutu ya fara Carrie, labarin yarinyar da ke motsa abubuwa da tunaninta. Ya yi shafuka kaɗan ya jefa a kwandon shara. Matarsa Tabitha, ita ma marubuciya, ta tsamo su ta karanta ta ce ya ci gaba. Kamfanin Doubleday ya saya da kafin alƙalami na dala 2,500, littafin ya fito a 1974, haƙƙin bugu mai arha kuma aka sayar da shi dala 400,000. Duk tsawon rayuwarsa King bai daina bin ƙungiyar Red Sox ta Boston ba, an sha ganinsa a filin wasa da littafi a cinya yana karantawa idan an tsaya. A 2004 shi da Stewart O'Nan suka ɗauki alƙawarin rubuta yadda kakar za ta kaya, wasa bayan wasa, ba su san ƙarshe ba. Sai ga shi a wannan shekarar ƙungiyar, bayan an ci ta wasa uku a jere a hannun abokiyar gabarta Yankees, ta rama huɗu a jere, ta wuce ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918. Da a ƙagaggen labari ya rubuta haka, da edita ya ce ya rage gishiri.

Wannan ne babban abin da ƙwallo ke ba marubuci. Duk mako yana zaune a duniyar da shi ke yanke komai, wa zai mutu, wa zai tsira. Ranar wasa sai ya shiga labarin da ba shi da iko a kai ko kaɗan, ya sake ɗanɗana abin da mai karatu ke ji. Kuma a ƙwallon ƙafa labarin yana gudana ne a ƙarƙashin dokoki 17 kacal, waɗanda asalinsu aka rubuta a Landan a 1863. Daga waɗannan 'yan dokoki ake samun wasannin da ba a taɓa maimaita ɗaya ba. Darasin ginin duniya ke nan gaba ɗayansa. Sabon marubuci yakan ɗauka yawan abubuwan mamaki ne ke sa duniya ta yi daɗi, sai ya yi ta ƙaro injuna da halittu. Mai kallon ƙwallo ya san dokar satar gida guda ɗaya ta isa ta tsara tsayuwar mutum ashirin da biyu, kuma ya san yadda zuciya ke tafasa idan alƙali ya sauya ma'auni a tsakiyar wasa. Haka mai karatu ke ji idan injin da aka ce ba ya iya abu ya iya shi a babin ƙarshe don a ceci jarumi.

Sannan akwai "da a ce", wadda ita ce uwar wannan fanni, kuma babu wanda ya kai mai goyon bayan ƙungiya iya ta. Duk ɗan Nijeriya da ya kalli wasanmu na gasar kofin duniya ranar 5 ga Yulin 1994 yana ɗauke da wata duniya ta biyu a kansa. Emmanuel Amunike ya ci Italiya tun kafin hutu, an kori Gianfranco Zola na Italiya, saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Italiyar nan ta je har wasan ƙarshe. Zauna a gidan kallon ƙwallo ka ji yadda dattijo zai ɗauki wannan minti na 88 ya cire shi, ya bi abin da zai biyo baya: wa za mu haɗu da shi, wa ke da katin gargaɗi, wa zai gaji. Bai sani ba, amma aikin da Philip K. Dick ya yi ke nan a The Man in the High Castle na 1962, inda Jamus da Japan suka ci Yaƙin Duniya na Biyu, da wanda King ya yi a 2011 da malamin da ya koma baya don hana kisan shugaban Amurka Kennedy. A sauya abu guda, a bi sakamakonsa da gaskiya, kada a yi son kai.

Wasu sun kai ƙwallon kanta cikin littafi. Arthur C. Clarke yana da wani gajeren labari na 1958, mai ban dariya da mugunta, inda a wata ƙagaggiyar ƙasa ta Kudancin Amurka aka raba wa dubun-dubatar sojoji 'yan kallo takardun jadawali masu bango mai ƙyalli, da alƙalin da aka saya ya fara maguɗi sai suka haska masa rana gaba ɗaya ya ƙone. Ian McDonald kuwa, mazaunin Belfast, ya yi abin da ya fi zurfi a Brasyl na 2007. Ranar 16 ga Yulin 1950, a filin Maracana, gaban mutum kusan 200,000, kunnen doki kawai Burazil ke buƙata ta ɗauki kofin duniya. Ita ta fara ci, Urugwai ta farke, sannan a minti na 79 Alcides Ghiggia ya zura ƙwallo ta gefen golan Burazil, Moacir Barbosa. Ƙasar ta ɗora wa Barbosa laifin har ya mutu a 2000. McDonald ya sa wata mai shirya shirin talabijin tana neman tsohon golan don ta gurfanar da shi gaban 'yan kallo, a cikin labarin da ke yawo tsakanin 1732 da 2006 da 2032, wanda ginshiƙinsa shi ne cewa duniyoyi ba su da iyaka, duk abin da zai iya faruwa ya faru a wata. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin fahimtar da mutum wannan nazariyya ta masana kimiyyar lissafi ba in ba a ce masa akwai duniyar da Barbosa ya tare ƙwallon.

Jaririn ma yana shiga littafi, ba lokaci kawai yake ci ba. Mutanen Gethen ba maza ba ne ba mata ba ne a yawancin kwanakin wata. Kowa a cikinsu yana iya ɗaukar ciki, har sarki. Tambayar da Le Guin ta bi ita ce yaya mulki da aiki da yaƙi za su kasance idan nauyin haihuwa da reno zai iya faɗa wa kowa. Mutum yana iya yarda da inda ta kai tambayar ko ya ƙi, amma a bayyane yake cewa wanda bai taɓa tashi ƙarfe ukun dare ba da wuya ta zo masa a rai. Ko ba wannan ba, jariri shi ne baƙo na gaskiya da yawancinmu za mu taɓa saukewa: ya zo ba harshe, bai san dare ba bai san rana ba, yana kallon hannunsa kamar kayan wani. Marubucin da sana'arsa ita ce tunanin haɗuwar farko da wata halitta yana da abin nazari a kan tabarma.

Nnedi Okorafor ta zo wa abin ta wata ƙofa. An haife ta a Cincinnati a 1974, iyayenta Ibo ne daga Nijeriya, ta tashi tana 'yar wasan tanis da tsere ta gaske. Tana shekara 19 aka yi mata aikin gyaran ƙashin baya, ta farka ƙafafunta ba sa motsi. A gadon asibiti ta fara rubutu, a gefen shafukan I, Robot na Isaac Asimov da wani aboki ya kawo mata. Ta koyi tafiya daga baya, amma wasa ya ƙare, kuma horon ɗan wasa, na fita atisaye ko ana so ko ba a so, shi ta kwaso ta kawo teburin rubutu. Kafin littafinta na farko ya fito a 2005 ta riga ta zama uwa, tana kuma karatun digirin digirgir a Chicago, wanda ta kammala a 2007. A wannan shekarar ta fitar da The Shadow Speaker, labarin da ta kafa a Nijar ta shekarar 2070. Binti, wanda ya ci Hugo da Nebula a 2016, yana cikin rukunin nan na ƙasa da kalma 40,000.

A Akata Witch na 2011, wanda ya fi karkata ga sihiri, jarumarta Sunny zabiya ce 'yar shekara 12 a garin Aba, gwanar ƙwallo da rana ta hana shiga fili sai da yamma tare da yayyenta. Bayan ta gano baiwarta ranar ta daina cutar da ita, kuma a wani biki kusa da Dutsen Zuma ta nemi a sa ta a wasan da maza suka ce ba na mata ba ne. Fagen yana da kyau domin wadda ta rubuta shi ta san abin da jiki ke ji idan ya daɗe yana kallo daga gefen fili. Kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga littafin a Nijeriya da sunan What Sunny Saw in the Flames.